Awon Rana Ɗaya a Asibitin Hajiya Rabi

Duk saurayin da ya zo shagona yana son koyon aikin wuta, tambayarsa ta farko ɗaya ce, wata nawa zai yi ya ƙware. Shekaranjiya ma wani ya ce mini ya gama kallon yadda ake haɗa sola a wayarsa, abin da ya rage masa kawai ya sayi fulaya da tasta ta gwada wuta. Ban yi masa musu ba. Jan waya a bango ba shi da wuya, mai hankali zai iya shi cikin wata uku. Amma ni ba jan waya ne ya ci mini shekara talatin da ɗoriya ba. Aikina shi ne in zauna a gini in gane irin wutar da ke shigarsa, lafiyayya ce ko mai ɓarna. Tunda yau kun taru, ku gyara zama ku ji.

Sunana Hadi, a nan Kazaure aka haife ni. Ina ɗan shekara goma sha tara mahaifina ya kai ni wurin Oga Bulus, wani mutumin Filato da ya zo garin nan yin wayarin ɗin gidajen ma'aikata, ya zauna har ya tara iyali. Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ranar Lahadi yana coci, ranar Juma'a kuwa shi da kansa yake cewa mu ajiye kaya mu tafi masallaci tun ba a yi kiran farko ba. Shekarata ta farko a wurinsa bai bar ni na ɗaura waya mai wuta ba. Mitar awon ƙarfin wuta ya ba ni, irin ta da mai allura, da littafi da biro.

Aikin farko da ya tura ni ni kaɗai, gidan wani ma'aikacin ƙaramar hukuma ne wanda talabijin ɗinsa ya ƙone har sau biyu. Na je na soka mita a soket, allura ta tsaya a ɗari biyu da talatin, wato daidai ƙarfin da ake so wutar gida ta kasance. Na dawo da saurina, ko shayin da na bar shi yana sha bai ƙare ba. Na ce, "Oga, wutarsu lafiya lau."

Ya ce, "Sau nawa ka auna?"

Na ce, "Sau ɗaya."

Ya karɓi littafin ya rubuta layi biyu. A layin sama ya sa ɗari biyu da ashirin da takwas, ɗari biyu da talatin, ɗari biyu da talatin da biyu. A na ƙasa ya sa ɗari da tamanin, ɗari biyu da talatin, ɗari biyu da tamanin. Ya ce in tara kowane layi in raba uku. Na tara na raba, duka biyun suka ba ni ɗari biyu da talatin.

Ya ce, "To, Hadi, gida biyu ne waɗannan. Matsakaicinsu ɗaya. A wanne za ka yarda ka ajiye mahaifiyarka?"

Na nuna na sama.

Ya ce, "Koma gidan mutumin nan ka zauna. Kada in gan ka sai bayan sati."

Daga wannan satin na koyi abin da nake ci da shi har yau. Kowane rubu'in awa za ka auna ka rubuta. Kusa da kowane awo ka sa lokaci, ka sa abin da ke kunne a gidan, ka sa ko ana rana ko hadari ko iska. In kwanakin sun cika sai ka baje takardunka. Ka fitar da matsakaici, amma kada ka tsaya a kansa. Ka nemo awo mafi ƙasa da mafi sama ka ga tazarar da ke tsakaninsu. Ka ƙirga sau nawa wutar ta fita daga iyakar da kayan gida ke iya ɗauka. Sannan ka duba waɗanda suka fita ɗin, a wane lokaci suke taruwa, me ake kunnawa a lokacin. A nan ciwon ginin yake ɓuya. Yanzu ina da ƙaramar na'ura da nake maƙalawa a akwatin wuta, ta yi ta awo da kanta tana ajiyewa, in zo in zuba a kwamfuta. Ta rage mini zaman kujera, amma ba ta san lokacin da matar gida ta kunna hita ba. Wannan har gobe sai ka tambaya ka rubuta da hannunka.

Masu kiranmu ba sa son wannan zaman. Akwai wani Alhaji a Babura mai sana'ar ƙanƙara, har mutanen Nijar suna tsallakowa su saya da sefa. Injinan firjinsa suna ta ƙonewa ɗaya bayan ɗaya, ya riga ya yanke cewa hannu aka sa masa. Kwana uku na yi a kan benci a bakin shagonsa. Rana ta uku ya kasa haƙuri ya ce, "Malam, gyara na kira ka ko gadi? Ko tef ban ga ka naɗa ba." Na nuna masa takarda. Daga safe zuwa azahar wutarsa ƙalau take. Da an yi la'asar, masu injin niƙa na layin sun tayar da injinansu, sai ta faɗi ƙasa warwas, injin firji ya yi ta gurnani yana zafi har ya ƙone. Na ce ya riƙa kashe su daga la'asar zuwa isha'i, kafin ya samu sitabilaiza babba mai daidaita ƙarfin wuta. Ya bi maganata yana ƙunƙuni. Bai sake ƙona inji ba, kuma shi ya yi ta yaɗa sunana a ƙasar Babura har Kanya Babba.

To wannan sunan ne ya ja mini shekarar da nake son ba ku labarinta. Lokacin Oga Bulus ya rasu, an kai shi garinsu an binne. Babban ɗansa Ayuba, wanda muka koyi aiki tare, shi ya gaji shagon, ga mata ga 'ya'ya huɗu. Ni kuma na buɗe nawa. Kira ya yi mini yawa, sai in taɓa gari uku a yini ɗaya a kan babur. Littafin awo yana cikin jaka, amma ba kullum nake fito da shi ba. Na fara jin cewa idona ya isa.

A wani gari a ƙasar Roni akwai Hajiya Rabi, ungozoma ce da ta yi ritaya daga aikin gwamnati ta buɗe ɗan asibitin haihuwa a filin gidansu. Ɗaki huɗu ne da baranda. Tana da firjin magani, da tukunyar lantarki ta dafa almakashi da sauran kayan aiki, da injin da ke ba jarirai iskar oksijin. Ayuba ne ya yi mata wayarin shekara biyu kafin nan. Layi uku na wuta ya shigar mata, abin da muke ce wa fes uku, ya raba ɗakunan a kansu.

Ta kira ni ana tsakiyar bazara. Ta ce ƙwayayen fitila suna ta mutuwa, fanka ta ƙone, wani lokaci kuma fitilar ɗakin masu jego sai ta yi haske kamar za ta fashe. Na isa da hantsi, ranar kasuwar Gwiwa ce, wani yana jirana a can. Na buɗe akwatin wuta, aikin Ayuba tsaf, irin na mahaifinsa. Na auna fes ɗin nan uku, kowanne yana kusa da ɗari biyu da talatin. Na sa aka kunna tukunyar dafa kaya na sake aunawa, bai motsa sosai ba. Na rufe akwati.

Na ce, "Hajiya, wutarki lafiya take. Ƙwayayen da ake sayo miki ne jabu."

Ta ce, "Malam Hadi, ba za ka ɗan zauna zuwa yamma ba? Abin ya fi yi da rana tsaka."

Na ce, "Hajiya, da akwai matsala da na gani."

Ta ce, "To, kai ka san aikinka."

Ko rabin awa ban cika a gidan ba.

Bayan kwana goma sha ɗaya matar wani ɗan acaɓa mai suna Isiyaku ta haihu a wurinta. Mace aka samu, ta zo ba ta cika wata ba, numfashinta yana sama-sama. Hajiya ta sa mata injin oksijin, ta aika a nemo motar da za ta kai su babban asibiti a Kazaure. Ana jiran motar, wajen ƙarfe biyu na rana, ma'aikaciyarta ta kunna tukunya don dafa kayan da aka yi aiki da su. Fitilar ɗakin ta yi wani irin haske ta fashe, injin oksijin ya yi ƙara ya fitar da hayaƙi. Babu wani injin a garin. Motar ta zo bayan kusan awa guda. Jaririyar ta cika a hanya, ba su kai Kazaure ba.

Ban ji labarin ba sai da Ayuba ya zo shagona bayan kwana biyu. Ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Ya ce magana ta bazu a garin cewa shi ya sa wa Hajiya ruɓaɓɓun wayoyi ya ɓoye masu kyau. Hujjar mutane kuwa ita ce Malam Hadi da kansa ya zo ya auna ya ce wutar da ke shigowa lafiya take, ke nan ɓarnar a cikin bango take. Wasu samari sun tare shi a tasha sun ce kada su sake ganinsa a garin. Gidaje biyu da yake wa aiki a Roni sun sallame shi. Dagaci ya ce a zo gabansa ranar Asabar.

Ya ce, "Hadi, ni ban zo roƙonka ka kare ni ba. In aikina ne ya kashe yarinyar nan ina so in sani. Ka je ka auna yadda Baba ya koya mana."

Washegari da sassafe ina ƙofar Hajiya. Ta rame. Ta daina karɓar haihuwa, sai masu zuwa awon ciki. Na roƙe ta a cire firji da duk wani abu mai daraja daga soket, a bar fitilu da fankoki, tukunyar kuma a ci gaba da kunna ta a lokutan da aka saba. Ba ta tambaye ni dalili ba, ta sa aka kawo mini kujera. Na zauna gaban akwatin wuta da mita da littafi, kowane rubu'in awa in auna fes uku in rubuta.

Ranar farko aka ɗauke wuta tun kafin azahar, ban samu komai ba. Rana ta biyu aka yi hadari, gari ya yi sanyi, awo ya tafi daidai har magariba. Da a nan na tsaya da na sake cewa lafiya. Rana ta uku aka buɗe rana mai zafi. Da safe aka kunna tukunya, ba abin da ya faru. Ƙarfe biyu saura aka sake kunna ta. Fes ɗin da tukunyar ke kai ya faɗo ƙasa da ɗari da saba'in. Na matsar da mita zuwa fes ɗin ɗakin masu jego, na ga ta haura ɗari biyu da casa'in. Fankar ɗakin tana juyawa kamar za ta tsinke. Aka kashe tukunya, komai ya koma daidai. Rana ta huɗu haka ta sake faruwa, kusan a lokaci guda.

Na baje takardun a kan tabarma a barandar Hajiya. Matsakaicin kwana huɗun nan, a kowane fes, bai yi nisa da ɗari biyu da talatin ba. Awon da suka fita daga iyaka ba su da yawa, kuma dukkansu sun taru a wuri ɗaya, tsakanin azahar da la'asar, a ranar zafi, tukunya tana kunne. Fes ɗaya ya faɗi, ɗaya ya tashi a lokaci guda, wannan alamar abu ɗaya ce a aikinmu. Akwai waya ta huɗu da wuta ke komawa ta cikinta, muna ce mata nutural, ita ke riƙe fes ukun su tsaya daidai. In ta saki, wanda aka ɗora wa kaya mai nauyi sai ya faɗi, sauran su kumbura.

Na bi wayar nan daga akwati. A cikin gini ba inda ta yi rauni. Na sa tsani na hau inda wayoyin falwaya suka haɗu da na gidan, a ƙarƙashin bakin kwano. A nan na same ta. An murɗa wayar alminiyam a kan ta tagulla da hannu kawai, ba maƙalli, an naɗe da leda. Haɗin ya yi fari ya ci, yana taɓawa da ƙyar. Da sanyin safiya yana kamawa. In rana ta gasa kwano, ga kuma nauyin tukunya, sai ya buɗe. Na tambayi Hajiya wa ya taɓa wurin. Ta ce da damina iska ta taɓa tsinke wayar, lokacin ita tana Kano wurin 'yarta, maƙwabta suka samu wani mai wucewa ya ɗaura. Ba wanda ya riƙe sunansa. Na yanko haɗin na sa a aljihu. Daga inda na tsaya ranar da na ce mata wutarta lafiya take zuwa wurin nan bai fi taku goma ba.

Ranar Asabar zauren Dagaci ya cika har waje. Ayuba yana gefe ɗaya a zaune, ba wanda ya matsa kusa da shi. Isiyaku yana can baya, kansa a sunkuye. Dagaci ya ce, "Malam Hadi, kai ne masanin abin nan. Me ka gani?"

Na ajiye guntun wayar a gabansa, na ajiye littafin. Na yi bayani a hankali yadda kowa zai gane. Na ce, "Ranka ya daɗe, aikin Ayuba ba shi da aibu, na bi shi ɗaki ɗaki. Wannan haɗin ne ya saki, kuma ba shi ya yi shi ba."

Wani daga cikin samarin ya ce, "To ai kai ka ce wutar lafiya take."

Na ce, "Ni na faɗa, kuma ba daidai na faɗa ba. Hajiya ta gaya mini abin ya fi yi da rana tsaka, ta roƙe ni in zauna, na ƙi. Na auna da safe na tafi kasuwar Gwiwa. Da na zauna yini biyu ko uku da na gani, da an gyara tun kafin a kawo matar Isiyaku. In ana neman wanda ya san yadda ake gano abin nan bai yi ba, ni ne."

Hajiya Rabi, daga inda mata suke, ta ce jaririyar ta zo da rauni sosai, ko da injin bai ƙone ba Allah kaɗai ya san ko za ta kai Kazaure. Na ce haka ne, amma wannan sanin na Allah ne, nawa aikin shi ne injin kada ya ƙone. Dagaci ya daɗe yana juya guntun wayar a hannunsa. Sannan ya sa samarin suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka ba Ayuba haƙuri. Ya juya wurin Isiyaku ya tambaye shi ko yana da magana. Isiyaku ya ce ba shi da ita, ya tashi ya fita.

Kafin sati ya zagayo labari ya kai Babura da Gwiwa. Ba a ce Hadi ya faɗi gaskiya ba, cewa aka yi Hadi ya yi awon da ya kashe jaririya. Kira ya ɗauke ɗif. Makarantar da nake duba wa wuta duk zango ta nemi wani. Wata takwas na yi ina gyaran fanka da dutsen guga a bakin shago, da damina na koma gonar gero ta mahaifina. Ayuba ne yake zuwa ya ɗauke ni in ya samu babban aiki, ya ce wa masu gida shi ba ya rufe akwati sai Hadi ya auna. Wasu su yarda, wasu su ce ya zo shi kaɗai. Ni da Ayuba muka sake wa Hajiya haɗin nan da maƙalli na gaske, muka kafa ƙarfen da ke zubar da rarar wuta cikin ƙasa, muka sa na'urar da ke yanke wuta in ta haura iyaka. Duk da haka ta fi shekara ba ta karɓi haihuwa ba.

Wata ranar Talata da safe, bayan an yi girbi na biyu, Hajiya ta kira ni. Ta ce ta samu sabon injin oksijin, za ta buɗe ɗakin haihuwa, amma ba za ta jona shi ba sai na zo na duba ginin gaba ɗaya. Babur ɗina yana wurin bakanike, sai na shiga mota zuwa Roni, na sauka a tasha na ɗaga wa 'yan acaɓa hannu. Wanda ya taso ya tsaya a gabana Isiyaku ne.

Na gaishe shi, ya amsa. Na ce in da damuwa zan jira wani. Ya ce, "Hau, Malam." Ya karɓi jakar kayan aikina ya ɗora a kan tanki.

Muka kama hanya muna wuce karan dawa da aka tara a gefen titi. Ban gaya masa inda za ni ba, shi ma bai tambaya ba. Ya tsaya daidai ƙofar asibitin Hajiya, ya kashe babur, ya miƙo mini jakata da hannu biyu.

Ya ce, "Malam Hadi, ranar nan a gaban Dagaci na kasa magana. Na ji duk abin da ka faɗa." Ya ɗaga kai ya kalli bakin kwanon ginin. "Mai ɗakina tana da ciki, watan gobe ne haihuwarta. Ta ce ita a nan za ta haihu. Ka duba mana da kyau."

Na ce, "In Allah ya yarda."

Ya tura babur ɗinsa ƙarƙashin darbejiyar da ke ƙofar gidan ya zauna a kai. Ni kuma na nemi tsani, na fara daga falwaya.